Abin da Jirgin Malam Ya Ɗauko

Shin Malam ya san ba zai koma ba, ranar da ya kulle gidanmu na Zariya ya miƙa wa ƙaninsa makullin? Na yi wa kaina tambayar nan a kan sallaya, na yi ta a bakin taga ina kallon ruwan sama, har yau ban samu amsa ba. Mutum biyu ne a duniya za su iya sani, kuma muna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da su, amma ba wanda zan iya tambaya. Ɗaya 'yata ce ta fari, wadda tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama mun yi hira ido da ido ba. Ɗayan mijinta ne, surukina, wanda in na ji motsinsa a falo nake jan mayafi in koma ɗaki. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyarmu, matar wani ɗalibi, na ce ta rubuta abin da zan faɗa, tunda ni ban iya riƙe alƙalami ba. In ta gama ta ajiye takardar a kan teburin falo. Wanda ya ɗauka ya karanta, ni dai ban tambaye shi komai ba.

Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu, ya karɓi uku tun suna ƙanana. Wadda ta rage ƙanwata ce ta goye ta, kamar yadda ake yi wa 'yar fari. Da ta yi aure mijinta ya samu aikin koyarwa a babbar jami'ar nan ta Kuala Lumpur, suka tare a wani dogon bene a Pantai Dalam. Cikinta na uku ya zo mata da wahala, ga ƙanwata ta riga mu gidan gaskiya. Wata rana bayan la'asar Malam ya shigo ya ce in shirya, za mu je in yi mata jego.

Na ce, "Malam, ni? Ni zan yi wa 'yar fari wanka? Da wane idon?"

Ya ce, "Ki tafi da kunyarki, ba wanda zai ƙwace miki ita a filin jirgi. Amma ruwan zafin nan dai sai an samu mai dafawa."

Da nake haɗa kaya ya tsaya a kaina yana cewa in ɗauki wannan, in ɗauki wancan. Zannuwana duka, har da waɗanda nake ajiya don biki. Kaskon turarena. Ƙaramin turmina. Na ce wata uku kawai za mu yi, me zan yi da turmi? Ya ce can ba su san turmi ba, kuma yajin inji ba ya yi masa daɗi. Littattafansa kuwa ya kira wani tsohon ɗalibinsa ya kwashe su a bayan a-kori-kura, ya ce gara ce ke neman cinye su. Ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. Amma wa ke tafiya mai nisa bai nemi gafara ba? Ban kawo komai a raina ba. Ni hankalina yana kan nawa kayan: daddawa, kuka, kanwa, kuɓewa busasshiya, citta, kanumfari. Na cika jaka guda, abin da ko masu jego biyar ba za su cinye ba.

Mun iso, ta sauka lafiya, aka samu mace. An yi suna ke nan, ko arba'in ba mu yi ba, aka ce cuta ta shigo, kowa ya zauna a gida. Mutum ɗaya ne ke fita cefane a kowane gida, 'yan sanda sun tare hanyoyi. Ladanin ƙaramin masallacin da ke ƙasan benenmu yana kiran salla, sai ya ƙara da cewa kowa ya yi a ɗakinsa. Ranar da na fara jin haka sai da na yi kuka.

Ni ba baƙuwar kulle ba ce, a cikinsa na yi ƙuruciyar aurena. Amma kullen Zariya yana da tsakar gida. Akwai sama a kanka, akwai kaji, akwai mata masu shigowa sayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa su zauna su ba ka labarin gari. Wannan ba shi da tsakar gida. Ƙofar katako, bayanta ƙofar ƙarfe, tagogi duk da ƙarfe. In na leƙa ƙasa sai in ga jirgin ƙasa yana wucewa da fitilunsa a kunne, ba kowa a ciki. Ga suruki a gida dare da rana, banɗaki kuma sai an bi ta falo. Na koyi gane takunsa, shi ma ya koyi yin gyaran murya kafin ya fito. Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa bari mun yi karo ba.

Malam malamin tarihi ne, ya koyar a makarantar horon malamai har ya yi ritaya. Mutum ne da in bai samu wanda zai koya wa abu ba sai ya yi ta zagaye ɗaki yana tsaki. Jikokin ba sa jin Hausa sosai, in ya fara sai su ce masa "boleh, boleh", wato "to, to" da yaren ƙasar, su zame. Surukin yana ɗaki da ɗalibansa a cikin kwamfuta. Saura ni. Duk tsawon zamanmu bai taɓa ba ni labarin abin da yake koyarwa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Shi da makarantarsa, ni da kaskon suyata. Sai da aka rufe mu a ɗaki ɗaya na zama ɗalibarsa.

Ranar farko ina dakan yajin jego, na shimfiɗa tawul ƙarƙashin turmin don kada na ƙasa su kawo ƙara. Ya miƙa hannu ya ɗauki kanumfari ɗaya.

"Hajiya, kin san daga ina wannan yake zuwa?"

"Daga kasuwar Sabon Gari."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce asalinsa wasu tsibirai ne nan kusa, a bayan ruwan nan. Wai na ɗauko kanumfari tun daga Zariya na dawo da shi gidan ubansa. Ya ce a zamanin da, kafin ya kai ga Turawa sai ya bi hannu-hannu, daga jirgin ruwa zuwa bayan raƙumi, har Masar. A can mutanen wani gari suke zuwa su saya. Garin nan a cikin ruwa aka gina shi, a kan turaku. Ba gona, ba kiwo, in za ka gaida maƙwabci sai ka shiga kwalekwale. Ba su da sarki na gado, manyan 'yan kasuwa ne ke zaɓen shugaba a cikinsu. Larabawa suna ce wa garin Bundukiyya.

Na ce, "Bindiga?"

Ya ce, "Ji ta! Amma ba ki yi nisa ba. Da Larabci sunan garin da sunan bindiga ɗaya ne, mu ma a wajensu muka ari kalmar. Masana suna ta musu, ko garin ne ya ba ta suna ko haɗuwa ce kawai."

Ni dai daga ranar garin Bindiga nake ce masa, kuma bai ƙara gyara mini ba.

Kullum in hadari ya taso da yamma, garin ya yi duhu, sai ya gyara zama a bakin gado ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ba ni labarin abokan gabarsu, mutanen Jenowa, waɗanda addininsu ɗaya, sana'arsu ɗaya, shi ya sa suka fi tsanar juna fiye da kowa. Ya ba ni labarin lokacin da Kiristocin Turai suka ɗaura yaƙi za su ƙwace Baitul Muƙaddas, suka ɗinka gicciye a rigunansu da tutocinsu, amma ba su da jiragen da za su ƙetare da su. Mutanen garin Bindiga suka ce mu muna da su. Sharaɗin shi ne duk garin bakin teku da aka ci, a ba su unguwa tasu da kasuwa tasu da ma'auninsu, kuma ba haraji. A lokaci guda suna sayar wa Musulmin Masar katako da ƙarfe. Babban limaminsu yana tsine musu daga Rum, su kuma suna loda jirgi.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne na makahon nan. Wata shekara mayaƙa suka taru suka kasa biyan kuɗin jirgi. Shugaban garin, tsoho tukuf, ba ya gani, ya ce ba komai, ku taya mu cin wani gari da ya yi mana tawaye. Garin na Kiristoci ne 'yan'uwansu. Daga nan suka zarce Santambul, wadda a lokacin ita ce babban birnin Kiristocin gabas, suka wawashe ta, har dawakin tagulla suka kwaso suka kai gida. Baitul Muƙaddas kuwa ko hango ta ba su yi ba.

Na ce, "Ashe tutar duk ƙarya ce."

Ya ce, "A'a, kada ki ɗauki alhakin mutane. A jirgin nan akwai wanda ya sayar da gonarsa, ya bar 'ya'yansa, don har zuciyarsa Allah yake nema. Yana sama yana addu'a, a ƙarƙashin ƙafarsa buhunan wani ne. Jirgi ɗaya ke ɗauke da su duka. Abin da na koya wa yara kawai shi ne in sun ga tuta su gaishe ta, sannan su sauka ƙasa su leƙa abin da aka loda."

"Namu yaƙe-yaƙen fa?"

"Har namu. Hanyar goro da ta gishiri da kasuwar bayi ba su ɓace ba don an ɗaga tuta."

"Malam, ka ji tsoron Allah!"

"Tsoronsa ne ya hana ni rage wa labarin komai."

Ana cikin haka kaya suka daina zuwa daga gida. Matan Hausawa da ke Cheras da sauran unguwanni suka ji labarin akwai wata tsohuwa mai daddawa a Pantai Dalam. Wayar 'yata ta dinga ƙara. Ba ta gaya mini kai tsaye, sai dai ta tsaya a ƙofar kicin ta ce wa bango, "Wai ana neman ƙulli biyu da kuka." Ni kuma in ce wa tukunya, "To, a turo mai babur." Da ta gida ta ƙare na koma yin ta waken suya, ina shanyawa a baranda. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke ɗakin gefe ta leƙo ta tsakanin ƙarfe, na zaci faɗa za ta yi saboda wari, sai ta shinshina ta ɗaga mini babban yatsa. Washegari na tarar da shinkafa a ƙunshe cikin ganyen ayaba a rataye a ƙofarmu.

Malam ya zuba ido, sai ranar da ya same ni ina ƙulla leda wajen ashirin a ƙasan gado. Ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Tutar jego, cikin jirgi daddawa! Ashe da 'yar Bindiga nake zaune ban sani ba."

Na ce, "Rufa mini asiri, Malam. Ka faɗi haka a gida ai sai a zo a kama ni."

"To faɗi gaskiya, tun a Zariya kika shirya kasuwar nan ko a nan ta zo miki?"

Na ce wallahi ban sani ba. Kuma gaskiyata ke nan. Jego na zo yi, na kuwa yi shi, na dafa ruwa na yi mata wanka kaina a sunkuye. Amma hannun da ya saba da ciniki shi ya cika jakar nan. Sunan kuwa ya bi ni, ko ruwa zai nema sai ya ce, "'Yar Bindiga, a taimaka."

Shi ya gaya mini wannan killacewar ma a garin Bindiga ta samo sunanta na Turanci, daga kalmar arba'in ta yarensu. In annoba ta biyo jiragensu sai su tsare jirgi a wani tsibiri kwana arba'in. Fatake suna hango hasumiyar garinsu, suna jin ƙararrawa, ba damar sauka. Na ce ashe su ma jego suke yi wa jirgi. Amma namu arba'in ɗin ya wuce, wani ya zo ya wuce, a ɗan sassauta a sake rufewa, har jaririyar ta fara tafiya tana kama ƙafar kujera.

Ni duk lokacin nan ban kwance akwatina ba. Yana ƙarƙashin gado a ɗaure. Zannuwa uku na fitar nake juyawa. An ba ni rabin kabad, na bar shi wayam. Ina ganin in na jera kaya a ciki kamar na yarda ke nan.

Abubuwa biyu suka faru da a lokacin ban auna su ba. Na farko, duk sanda aka sassauta doka sai surukin ya ɗauki Malam su tafi asibiti, wai ganin likitan ido. Sun yi ta zuwa, amma tabaransa ɗaya ne har ya mutu, mai karyayyen hannun nan da na ɗaure masa da zare. Yana ramewa, na ce abincin ƙasar ne bai karɓe shi ba. Na biyu, an yi shelar jirgin da zai kwashi mutanenmu da suka maƙale ya mai da su gida. Na ji a bakin masu sayen daddawa, na shiga ɗaki da murna. Ya ce a bari tukuna, cunkoso ne, tsofaffi irinmu a hanya za mu kwashi cutar. Magana ce mai hankali. Na yi fushi na kwana biyu, na haƙura.

A shekara ta biyu cutar ta dawo da ƙarfinta. Motar asibiti ba ta daina kuka a titi ba. Waɗanda abinci ya ƙare musu suka dinga rataya farin ƙyalle a taga don a gani a taimaka. Malam ya tsaya yana ƙirga su da ido a benen da ke fuskantarmu, ya ce mini, "Wannan tutar kam ba sai an leƙa ciki ba." Ya sa aka kai shinkafa da mai. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama gidanmu gaba ɗaya. Kowa ya tashi, ban da shi.

A asibiti ya cika, ba kowa nasa a kusa. Ban wanke masa ko ƙafa ba. Wasu mutane cikin fararen riguna, fuska a rufe, su suka yi masa salla suka sa shi a ƙasa, surukin yana tsaye daga nesa ya ɗaga waya, mu kuma muna kallo a falo. Ƙasar ja ce, jiƙaƙƙiya. Ina jin 'yata tana gaya wa wata a waya cewa likita ya ce cutar ta tarar da wani ciwon a jikinsa. Da ta ga inuwata a ƙofa sai ta sauya magana zuwa Turanci.

Na yi takaba a ɗakin nan da muka yi karatu. Mutane suka fara fita, shagunan ƙasa suka buɗe, jirgin ƙasa ya cika, ni kuma na shiga nawa kullen. In hadari ya taso da yamma sai in ga na gyara masa wuri a bakin gado. A nan ne na yi abin da ya koya mini. Na gaida tutar, jego ne, kuma ba ƙarya ba ne, yarinyar tana bukatata. Sannan na sauka ƙasa na leƙa. Turmi. Kaskon turare. Zannuwan biki. Littattafan da aka kwashe. Likitan idon da bai taɓa sauya tabarau ba. Sai na ga kamar ni ce buhun. Ya san ba ni da kowa a Zariya in ya tafi, ya san da bakina ba zan taɓa cewa zan zauna gidan 'yar fari ba, sai ya loda ni ya kawo ya sauke inda yake so.

In haka ne, ina jin haushinsa, Allah ya gafarta masa, don ko buhu ne ai a gaya masa inda za a kai shi. Kuma in haka ne wasiyya ce, ba ni da ikon tsallake ta. Amma in ba haka ba ne fa? Gara tana cin littafi da gaske. Yajin inji ba ya yi masa daɗi da gaske. Wataƙila a nan aka gano ciwon, wataƙila shi ma bai san abin da ya ɗauko ba, kamar yadda ban san dalilin da na cika jakar daddawa ba.

Yanzu hanya ta buɗe. Ƙaninsa yana bugo waya, ya ce makulli na nan, an share gida, bishiyar lemon tsakar gida ta yi 'ya'ya. Ina son in koma in mutu a ɗakina, inda mata za su shigo ba sallama mai tsawo. Amma an kai ni kabarinsa sau ɗaya, na gan shi a tsakanin mutanen da bai san harshensu ba, ba mai sauraron labarinsa. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in zauna. Akwatin yana nan ƙarƙashin gado a ɗaure, ban ja shi waje ba, ban buɗe shi ba.

Ranar da ma'aikatan asibiti suka zo ɗaukarsa da hantsi ne. Mutum biyu cikin fararen riguna suka ɗora shi a keken marasa lafiya, suka ce kada kowa ya biyo su. Na tsaya a bayan ƙofar ƙarfe na riƙe ta da hannu biyu. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ce, "Malam, in ka dawo dai gida za mu tafi, na gaji." Suna jiran lif ya zo, ya ɗaga hannu ya janye abin da suka sa masa a hanci, ya juyo ya dube ni ta tabaran nan mai zare. Ban san ko amsa ya ba ni ba, ko kuwa kayana kawai yake ji. Ya ce:

"'Yar Bindiga, ki kwance akwatin nan. Ƙasar nan da danshi, zannuwanki za su yi fumfuna."